Yadda Ake Mayar da Yasasshen Fili Dandalin Masu Tafiya a Ƙasa a Legas

Tun da muka gama gyaran filin da ke bakin layinmu a nan Agege, wanda da can juji ne kuma makwancin matattun motoci, tambaya iri ɗaya ake ta yi mini. Wani daga Idi-Araba, wani daga Mile 12, har da wani dattijo daga Alaba Rago: ta ina kuka fara, nawa kuka kashe? Yawancinsu kafin su iso wurina sun riga sun tambayo kuɗin intalok, wato ƙananan tubalan siminti da ake daɓe ƙasa da su. To intalok kusan shi ne na ƙarshe. Ga aikin bi da bi, har da inda muka yi tuntuɓe. Maganar filin unguwa nake yi, wanda jama'a za su iya ɗauka da kansu. Irin su dandalin Tinubu da na Tafawa Ɓalewa aikin gwamnati ne.

1. Ku gano mai filin

Babu fili a Legas da ba shi da mai shi, ko da akuya ce kaɗai ke kwana a cikinsa. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, amma a aikace filin da kuke gani yana iya zama na gwamnatin jiha, ko na ƙaramar hukuma, ko tazarar da aka bari a gefen titi ko magudana, ko gadon wani gida da 'ya'yansa ke shari'a a kai.

Ku fara da kansilan mazaɓarku, sannan sakatariya. Jihar tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, don haka ku tabbatar da wadda filin ya faɗa a ciki. Agege daban, Orile-Agege daban, kuma wasiƙar da ta je inda ba nata ba sai ta yi wata uku a kan tebur babu mai gaya muku. Daga nan ku ɗauki safiyo mai lasisi ya auna filin, ya kai awon ofishin babban safiyo na jiha a Alausa a duba matsayinsa.

Gargaɗi: ranar da aka ga safiyo da na'urarsa, ranar omo onile, wato masu iƙirarin cewa ƙasar gadonsu ce, za su bayyana, kowa da labarin kakansa. Kada ku ba kowa ko sisi, kuma kada ku yi musu da su a fili. Ku ce magana tana wurin baale, wato mai unguwar Yarbawa, da ciyaman na ƙaramar hukuma. Idan kuwa awo ya nuna filin yana ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko kan bututun mai, ko cikin harabar layin dogo, ku haƙura ku nemi wani.

2. Ku zauna a filin mako guda

Kayan aikin wannan mataki littafi ne da biro da benci. Ku raba kanku: bayan asuba, ƙarfe takwas na safe, azahar, la'asar, bayan isha'i. Kowa ya rubuta abin da ya gani. Su wa ke ratsawa, daga ina zuwa ina? Ina keke Marwa, wato mai ƙafa uku na haya, ke juyawa? Ina ake fitsari? Ranar Juma'a sahu yana fitowa daga masallaci har cikin filin? Ranar Asabar ana kafa rumfar biki? Lahadi fa, motocin masu zuwa coci a ina suke tsayawa?

Ku zana hanyoyin da ƙafa ta riga ta fitar, inda ciyawa ta mutu. Waɗannan su ne hanyoyinku, kada injiniya ya zo ya zana muku wasu don sun fi kyau a takarda. In da hali, mutum ɗaya ya tsaya a filin ana tsakiyar ruwan sama, ya ɗauki hoton inda ruwa ke shigowa da inda yake kwanciya. Hoton nan zai yi muku amfani a mataki na 7.

A shafin ƙarshe ku jera sunan sana'ar duk wanda ke cin abinci a filin: mai shayi, mai tsire, mai faci, makanikai, 'yan acaba, 'yan garuwa, 'yan gwangwan, masu yankan farce, da wanda ke zuwa da yamma yana karɓar kuɗin wuri a hannunsu.

3. Mutane

A nan aikin yake tsayawa ko ya faɗi, kuma a nan za ku fi ɓata lokaci.

Kada ku kafa sabuwar ƙungiya. Ku shiga ƙarƙashin ƙungiyar raya unguwa, wato CDA, domin ita ƙaramar hukuma ta sani, kuma takardarta ake karɓa. A cikinta ku nemi a kafa kwamitin fili na mutum bakwai zuwa tara. Mu Hausawa ko da a unguwar aka haifi kakanninmu, idan kwamitin ya zama namu zalla, gobe za a ce Hausawa sun kama fili. Wanda ya ga rikicin ƙabilancin da ya faru a Idi-Araba a 2002 ko Mile 12 a 2016 ya san ƙaramar magana ba ta daɗewa tana ƙarama a garin nan. Ku sa Yarbawa masu gidaje, ku sa ɗan kasuwa Ibo in akwai, kuma ma'aji da shugaba kada su fito daga ɓangare ɗaya.

Gaisuwa tana da tsari. Ku fara sanar da Sarkin Hausawan yankinku, ku roƙe shi ya haɗa ku da wakili ku je gidan baale tare. Bayan baale sai iyaloja, wato shugabar 'yan kasuwa, in akwai kasuwa kusa, sai liman da fasto, sai shugabannin yuniyon na direbobi. Wanda ya ji labarin a bakin titi kafin ku je masa, kun yi asarar shi.

Kwamitinmu na farko babu mace ko ɗaya, kuma mun ga sakamakon. Mun gama zane muna murna, sai wata dattijuwa mai tuyar ƙosai ta kira ni. Ta ce, "Ɗana, wannan lungun da kuka ce za ku dasa furanni, ka taɓa bi ta nan bayan magariba da yarinya a hannunka?" Na ce, "A'a, Mama." Ta ce, "To fitila yake so." Da ba ta yi magana ba, da mun ƙara wa lungun duhu da kuɗinmu. Ku sa mata biyu aƙalla, kuma ku sa lokacin mitin da za su iya zuwa.

Sai masu sana'a. Lokacin da gwamnatin Fashola ta share Oshodi a watan Janairun 2009, tana da katafila da 'yan sanda. Ku ba ku da ko ɗaya, kuma mutanen nan maƙwabtanku ne, da su za ku yi sallah gobe. Abin da ya yi mana aiki shi ne raba su gida biyu. Waɗanda sana'arsu ke jawo mutane su zauna, irin mai shayi da mai tsire da mai ƙosai, suna nan, a ba kowa wuri mai iyaka a gefen fili. Mai shayin da ke kai ƙarfe sha biyun dare ya fi maigadi tsare wuri, kuma ba a biyansa albashi. Waɗanda sana'arsu ke buƙatar mota ko baƙin mai ko tarin ƙarfe, dole su matsa, kuma aikin kwamiti ne ya taya su neman inda za su koma kafin a sa ranar tashi. Makanikanmu sun ɗauke mu wata huɗu. Na so in yi fushi, amma mutumin da ya shekara goma sha a wuri ba a tashinsa da wasiƙa ɗaya.

Gargaɗi: duk yarjejeniya a rubuta, a sa hannu a gaban baale da Sarki. Masu karɓar kuɗin wuri kuwa, kada ku yi musu alkawarin kaso. Ku bi ta shugabanninsu, in akwai aikin lebura ko gadi ku ba yaransu a kan lada irin na kowa.

4. Takardu

Wasiƙa ta farko zuwa ga ciyaman, a kan takardar CDA, haɗe da awon safiyo da zane ko na hannu ne. Ta biyu zuwa LASPARK, hukumar lambuna da wuraren shaƙatawa da aka kafa da dokar 2011, ita ke da iko da irin waɗannan filaye da kuma bishiyoyi. Idan za ku toshe hanyar da mota ke bi, sai da sanin LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci. Idan za a yi gini, ko ban-ɗaki ne, izini yana wurin LASPPPA, hukumar ba da izinin gini. Idan wani kamfani ya ba ku tallafi yana son kafa allonsa, wannan na LASAA ne, hukumar allunan talla, kuma kamfanin ne zai biya.

Kowace wasiƙa ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku dawo da ita. Kuɗin hukuma a banki ake biya a karɓi rasit. Ku ajiye kwafin komai wurin mai shayi ko wani na kusa da filin, saboda ranar da jami'an tsabtar muhalli za su tsaya da motarsu, sakataren kwamiti yana can Apapa wurin aiki.

5. Kwashe shara

Shebur, manjagara, baro, safar hannu, takalmin roba. Ku shirya da LAWMA, hukumar kwashe shara, ko mai motar sharar unguwarku tun kafin ranar, a kwashe a ranar. Tarin da ya kwana biyu sabon juji ne. Kada ku ƙona, ƙona shara laifi ne a Legas, kuma hayaƙin taya zai haɗa ku faɗa da maƙwabta tun ba a je ko'ina ba.

Matattun motoci a manna musu sanarwa, a bar wa ƙaramar hukuma ta janye. Kada wani ya ce a sayar wa 'yan gwangwan a sa kuɗin a asusu. Motar da ta shekara bakwai ba taya, ranar da aka yanka ta mai ita zai zo da ɗan sanda.

6. Gwaji da taya da fenti

Washegarin shara ku mamaye filin, kada ku bar shi fayau ko na mako guda. Ku jera tsofaffin tayoyi ko durom a inda kuke son tare mota, ku shata hanyoyi da wuraren masu sana'a da fenti, ku ajiye bencina na katako. Tayoyin a cika su da yashi, in ba haka ba ruwa zai kwanta ciki ku yi kiwon sauro.

Ku bar shi haka wata ɗaya zuwa uku kuna kallo. Mu a nan muka gane mun toshe inda keke Marwa ke juyawa, cunkoso ya koma ƙofar makarantar firamare. Da taya ne, muka matsar da ita cikin minti goma. Da kankare ne, sai an fasa. Ku bar ƙofa ɗaya mai faɗin mita 4 don motar kashe gobara da ta asibiti da ta ɗaukar gawa, a sa mata sarƙa da kwaɗo, mabuɗi a hannun mutum biyu da ke kwana kusa.

7. Ruwa kafin komai

Legas ƙasa ce mai kwari, ruwan ƙasa yana kusa, damina kuma kashi biyu ce: mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ɗan sarari a Agusta, ta dawo Satumba da Oktoba. Aikin ƙasa da siminti ku sa shi tsakanin Nuwamba da Maris.

Ku ɗauko hoton nan na ruwan sama. Ku bi lambatun da ke gefen filin da ƙafa har inda yake zubewa a babbar magudana. In a toshe yake a can gaba, duk abin da kuka gina a sama banza ne, ku yashe shi tukuna. Sannan magini ya fitar da gangara da tiyon awo: santimita 2 a kowace mita, zuwa wajen lambatu. A fili mai faɗin mita 20 da aka karkata gefe ɗaya, bambancin sama da ƙasa santimita 40 ke nan, don haka sau da yawa ya fi a ɗaga tsakiya ruwa ya rabu biyu.

Gargaɗi uku a nan. Kafin a sa diga a ƙasa, ku sanar da LASIMRA, hukumar da ke kula da wayoyi da bututun da ake binnewa, da kamfanin wutar yankinku, Ikeja Electric ko Eko, da hukumar ruwa, saboda wayoyi da bututun da ke binne. Kada ku ɗaga filin ya fi dokin ƙofar gidajen da ke kewaye, ruwanku zai shiga ɗakin mutane. Murfin lambatu kuma a yi na kankare. Na ƙarfe ba ya kwana uku.

8. Daɓe da lissafinsa

Ba dole ne a shimfiɗe filin duka ba. Hanyoyi da wurin zama da wurin masu sana'a su ne dole, sauran a bar ƙasa ko ciyawa ta sha ruwa. Na fi son intalok a kan kankare saboda in bututu ya fashe a ƙasa ana ɗagawa a gyara a mayar.

Jerin aikin: a kankare baƙar ƙasar sama da ragowar shara har a kai ƙasa mai ƙarfi. A zuba jar ƙasa kamar santimita 15, a yayyafa ruwa, a danne da inji. A kafa dakalin gefe da siminti. A baza yashi mai kaifi santimita 3 zuwa 5, a jera intalok, a share busasshen yashi cikin tsagogin, a sake bi da inji. Mai kaurin milimita 60 ya isa inda ƙafa kaɗai ke bi, amma ƙofar motar gaggawa a sa mata mai 80.

Ga misalin lissafi. Wurin da za a daɓe mita 20 ne sau 30, murabba'in mita 600 ke nan. Intalok mai tsawon santimita 20 da faɗin 10 guda 50 ke rufe murabba'in mita ɗaya, wato 30,000, a ƙara kashi 5 cikin ɗari na fashewa da yanka, ya zama 31,500. Yashi mai kaurin santimita 4 zai ci kubik mita 24, jar ƙasa kuma 90 bayan an danne, don haka a sayo fiye da haka. Ku tambayi mai tifa kubik nawa motarsa ke ɗauka, domin tifa suna ta tara. Da waɗannan alƙaluman za ku je kasuwa ku karɓo farashin ranar a wuri uku. Farashin bara ba ya aiki: buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kuma masu buga intalok da shi suke tashi.

Inda ake cutar mutane biyu ne. Na farko dannewa: ɗan kwangila zai ce hayar inji ɓarnar kuɗi ce, lebura za su buga da katako. Damina ɗaya filin zai zama tudu da kwari. Na biyu intalok ɗin da aka tsuke wa siminti. Ku ɗauki biyu ku gwara su, ku kankari gefen da ƙusa, in yana zubar da gari ku bar shi. Mu mun ba wani magini kuɗin kaya gaba ɗaya don ya saba sallah tare da mu, kashi ɗaya cikin uku na abin da ya kawo sai da aka sake. Ku sayi kaya da kanku, ku biya aiki kashi-kashi, kuma ku riƙe kashi 10 cikin ɗari sai ruwan farko ya sauka kun ga yadda filin ya yi.

9. Turaku, inuwa, fitila, ban-ɗaki

Inda tayoyin gwaji suka tabbata, a kafa turakun kankare ko bututun ƙarfe da aka cika da kankare, tazarar mita 1.2 zuwa 1.5. Wannan zai hana mota, ya bar keken guragu da baro su wuce. Babur zai shiga, babu turken da ke hana shi sai wanda zai hana gurgu. Maganinsa yarjejeniyar da kuka yi da shugabannin 'yan acaba a mataki na 3. A kowace mashiga a yi gangara maimakon matakala, tashin santimita 10 a tsawon mita 1.2.

Za a matsa muku ku kewaye filin da waya ku sa ƙofa. Ku ƙi. Freedom Park da ke Broad Street, tsohon kurkukun da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010, yana da katanga ana biya a shiga, kuma ya dace da shi. Filin unguwa kuwa hanya ce. Kun sha ganin ƙananan lambuna a bakin titi an zagaye su da ƙarfe an sa kwaɗo, ciyawa ta yi kyau wata shida, daga nan sai ledoji.

Inuwa ita ke zaunar da mutum. Dogon yaro yana jure wahala, bishiyar furut tana da faɗin inuwa sai dai yawan zubar ganye. Ceɗiya da durumi inuwarsu babu kamarta, amma saiwarsu tana ɗaga daɓe tana fasa lambatu, sai in akwai sarari nesa da gini. Kwakwa kada ta zo kusa da benci. Kowace bishiya a bar mata ramin mita ɗaya sau ɗaya ba daɓe, a dasa da farkon damina, a kewaye ta saboda awaki. Ranar 14 ga Yuli ce ranar dashen bishiya ta jihar, lokaci ne mai kyau na neman tsiro wurin LASPARK. Bishiyar da kuka tarar kuma ba a sare ta sai da izininsu.

Benci na kankare, tsayin santimita 45, a ƙarƙashin inuwa, wasu suna fuskantar juna don hira. Fitilar sola a sayi wadda batirinta ke haɗe da kanta a can sama, a walde ƙusoshin. Wadda ake ajiye wa batir a akwati a gindin fol kyauta ce ga ɓarawo.

In babu ban-ɗaki da wurin alwala a kusa, bangon da ake fitsari zai ci gaba da aikinsa ko da kun rubuta gargaɗi da harsuna uku. Ƙofa biyu ta maza da biyu ta mata, da tankin ruwa, da mai kula da ke karɓar ɗan kuɗi, sun isa.

10. Asusu da kulawa

Asusun banki da sa hannun mutum uku, kuma duk wata a manna lissafin shiga da fita a allon masallaci da na coci da wurin mitin CDA. Kafin a yi bikin buɗewa, a ware kuɗin shekara guda na mai shara da kuɗin motar shara da ban-ruwan bishiyoyi da rani. In kuɗin bai kai ba, a rage faɗin daɓe, kada a taɓa wannan. Bayan haka filin ya riƙe kansa da kuɗin wurin masu sana'a da na ban-ɗaki da hayar kafa rumfar biki ranar Asabar. Masu biki a gaya musu tun farko ba a kafa ƙusa a intalok, a ɗaure ƙafar rumfa da buhun yashi, kuma su ajiye kuɗin shara kafin su fara.

Ɗan siyasa in ya kawo gudummawa a karɓa a gode, a rubuta a lissafi, amma kada a shafa wa benci launin jam'iyya.

Abin da za ku fi tsaro a shekarar farko shi ne kwantena. Mai teburi zai nemi ya sa ɗan rufi saboda ruwa, rufin ya zama katako, katakon ya zama kwantenar ƙarfe, na kusa da shi ya ce shi ma. Ku rubuta a yarjejeniya cewa duk abin da ba a iya ɗagawa da dare ba ya zama a filin. Kwantenar farko a filinmu ƙanin wani ɗan kwamiti ne ya kawo ta da tsakar dare. Da safe muka tura wa yayan nasa kwafin takardar da shi kansa ya sa wa hannu, kafin la'asar ya turo motar da ta ɗauke ta.